Kwal na Anu Araren, uraniyom na Arlit: ina rabon makaranta?

Anu Araren wuri ne a gundumar Cirozerin, kimanin kilomita 75 arewa maso yamma da birnin Agadas. A nan kamfanin SONICHAR yake haƙar kwal, wato gawayin ƙasa, yana ƙona shi domin ya ba da wutar lantarki. An kafa kamfanin a 1975. Injinsa na farko ya fara aiki a 1981, na biyu ya biyo baya a 1982. Wutar nan ce aka ja da waya har Arlit da Akokan, inda ake haƙar uraniyom, daga cikinta kuma NIGELEC ta daɗe tana sayen abin da take raba wa garuruwan jahar. Ashe ke nan kowace gangar uraniyom da ta bar Nijar tun daga wancan lokaci, akwai gumin mutanen Anu Araren a cikinta.

Kamfanin SOMAIR, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. COMINAK ya bi sahu a Akokan a 1978. Yau an haura shekara 50 ana tonon ƙasar Abzin. Saboda haka jama'a na da haƙƙin su yi tambaya: a cikin wannan dukiya, nawa ne ya isa ajin da ƴaƴansu suke zaune? Wa kuma yake riƙe da lissafin? Sau da yawa hukumomin ƙasarmu sun yi alkawarin gyaran makaranta da kuɗin ma'adinai, har sun rubuta alkawarin cikin doka. Abin da aka rasa kowane lokaci shi ne hanyar da uban yaro zai bi ya tabbatar da cewa kuɗin sun iso.

Shekarun albarka

Tun farko maganar uraniyom ba ta rabu da maganar mulki ba. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, shugaba Jori Hamani ya nemi Faransa ta ƙara kuɗin da take sayen uraniyom ɗinmu. Ana cikin wannan ciniki sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙarƙashin Seyni Kunce. Babban laifin da suka ɗora wa gwamnatin da suka kayar shi ne yadda aka yi da taimakon abinci a lokacin fari da yunwa.

Shekarun da suka biyo baya, farashin uraniyom ya hau, baitulmali ya cika. Gwamnati ta zuba kuɗin cikin asusun ayyukan gina ƙasa. Aka yi hanyar kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600. Aka soke harajin kai da ya daɗe yana wahalar da talakawa. Aka buɗe makarantar koyon aikin ma'adinai ta EMAIR a Agadas. Aka gina azuzuwa a birni da ƙauye, aka ɗauki malamai. Lokacin da muka sami ƴancin kai a 1960, a cikin yara 100 ko 5 ba sa zuwa lakwal. Zuwa farkon shekarun 1980, kimanin yaro ɗaya cikin huɗu yana aji. Wannan ci gaba ne, kada a raina shi.

A wannan zamani ne kuma aka yi tunanin gyaran makaranta daga tushe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Tamajak. Amma shekara da shekaru suka wuce ana kiran su makarantun gwaji, domin ba a taɓa ware musu kuɗin da zai sa su game ƙasa ba.

Shugaba Kunce ya yi suna wajen tsanani a kan masu taɓa dukiyar ƙasa. Yakan faɗa wa ma'aikata ba sanarwa, kuma manya da yawa sun kwana a kurkuku saboda kuɗin hukuma. Sai dai wannan tsaro daga sama yake zuwa, tsoron mutum ɗaya ne ya riƙe shi. Ba a koya wa talaka yadda zai duba lissafi da kansa ba. Da shugaban ya rasu a Nuwamba 1987, babu wani tsari a ƙasa da zai ci gaba da aikin.

Da kasuwa ta faɗi

A 1979 aka yi haɗari a wata tashar nukiliya a Amurka. Ƙasashe da yawa suka ja baya da gina sababbin tashoshi, farashin uraniyom ya karye. Nijar ta fitar da fiye da tan 4,000 a 1981, amma kuɗin da ke shigowa sai raguwa suke yi, ga kuma bashin da aka ci lokacin wadata. A 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI, daga baya kuma da Bankin Duniya. Masu ba da rance suka gindaya sharuɗɗa: a rage ɗaukar ma'aikata, a rage kuɗin tallafin ɗalibai, a raba aji ɗaya ga rukuni biyu, wasu da safe wasu da yamma.

Ɗalibai suka ƙi yarda. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 suka fito zanga-zanga a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991. A cikin shekarun 1990 malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya cinye shekarun karatu. A ƙarshen shekarun aka fara ɗaukar malaman sa-kai, sa'an nan malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare.

Darasin wannan zamani a fili yake. Makarantar da aka jingina da farashin kaya guda ɗaya, ranar da farashin ya faɗi ita ma sai ta faɗi. Kuma gyaran da aka tsara a ofis tsakanin minista da masu ba da rance, ba tare da iyaye da malamai ba, ba ya zama lafiya.

Kuɗin littafi da allo

A ranar 1 ga Yuni 1998 aka kafa babbar dokar tsarin ilimi, wadda ake kira LOSEN. A 2003 aka ƙaddamar da shirin shekara goma na raya ilimi, PDDE, ƙasashe da hukumomin waje suka zuba kuɗi cikin asusu guda. Yara suka ƙaru a makarantu ƙwarai.

A 2006 sai bincike ya tona asiri a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, abin da jama'a suka sani da sunan shari'ar MEBA. Masu bincike suka ce an kumbura farashin kayan makaranta, an ba da kwangiloli ba bisa ƙa'ida ba, kuɗin da abin ya shafa sun kai wajen miliyar 4 na sefa. Masu ba da taimako suka dakatar da kuɗinsu. Majalisar dokoki ta amince a gurfanar da mutum biyu da suka riƙe ma'aikatar, Ari Ibrahim da Hamani Haruna, aka tsare su. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar ta kayar da gwamnatin faraminista Hama Amadu a kan wannan magana.

Abin lura a nan shi ne wanda ya gano ɓarnar. Masu kuɗin waje ne suka nemi a yi binciken. Iyayen da aka ce an sayo wa ƴaƴansu littattafai da tebura ba su san an sayo ba, balle su san nawa aka biya. Mushen da ke ƙauye yana ganin yara uku a kan littafi ɗaya, amma ba shi da takardar da za ta nuna masa adadin da aka rubuta an aiko wa makarantarsa.

Kashi 15 cikin 100

A cikin wannan shekara ta 2006, ranar 9 ga Agusta, aka gyara dokar ma'adinai. Gyaran ya ce kuɗin da gwamnati take karɓa daga wasu harajin ma'adinai za a raba su biyu: kashi 85 na baitulmalin ƙasa, kashi 15 na ƙananan hukumomin jahar da aka haƙo dukiyar. Jahar Agadas tana da ƙananan hukumomi 15, daga Arlit, Cirozerin, Dannat da Gugaram har Bilma da Jado. An tsara a raba musu bisa yawan jama'a, faɗin ƙasa, ƙarancin kayan aiki da ɓarnar da haƙar ma'adinai ta yi wa muhalli, kuma mafi yawan kuɗin a sa su cikin ayyuka kamar aji, rijiya da ɗakin shan magani.

Ya kamata mai karatu ya fahimci wannan kaso da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka kashi 15 ne na kuɗin uraniyom gaba ɗaya. Ga misali. Kafin 2014, harajin da kamfanonin uraniyom suke biya a kan abin da suka sayar kashi 5 da rabi ne cikin 100. In an sayar da uraniyom na miliyan ɗaya, wato jika 1,000, harajin ya kama kimanin jika 55. Kashi 15 na jika 55 shi ne jika 8 da dala 50. Wannan ne za a raba wa ƙananan hukumomi 15. Dokar 2006 ta tanadi harajin ya iya hawa har kashi 12 idan riba ta yi yawa, amma kamfanin Areva na Faransa, wanda ya koma Orano a 2018, bai amince a yi wa SOMAIR da COMINAK aiki da ita ba sai a yarjejeniyar 26 ga Mayu 2014, bayan doguwar jayayya da zanga-zangar jama'a.

Ko wannan ɗan rabon ma bai riƙa zuwa a kan lokaci ba. Kuɗin sai sun shiga baitulmali a Yamai tukuna, sa'an nan a sako su. Shekaru da dama magadan gari na jahar Agadas da ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB da Aghirin'man ta Arlit sun yi ta kuka a kan bashin da ya taru. Magajin garin da ya sa ginin aji shida cikin kasafin kuɗinsa, idan kuɗin ba su zo ba, sai ya kafa rumfar zana. Idan kuma sun zo a makare, jama'a ba su san ranar zuwansu ba, ba su san adadinsu ba. A irin wannan duhu, mai gaskiya yana shan zargin da bai ci ba, maras gaskiya kuma yana samun mafaka.

Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara ƙarfafa alkawarin. Ya ce dukiyar ƙarƙashin ƙasa ta al'ummar Nijar ce, a buga yarjejeniyoyi da kuɗin da kowane kamfani ya biya cikin jaridar hukuma, a kuma fifita noma, kiwo, lafiya da ilimi wajen kashe su. Nijar ta shiga tsarin duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, ITIE, a 2005, ta fita a 2017, ta koma a 2020. Rahotannin da aka buga suna da amfani, sai dai manyan littattafai ne da Faransanci, ba su isa zauren mai gari ba. A 2016 kuma aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin gini da kula da makarantun firamare. Nauyin ya sauka da wuri, kuɗin ɗaukarsa suna tafe a hankali.

Abin da ake gani a aji

A Arlit da Akokan kamfanoni sun gina unguwannin ma'aikatansu da ruwa, wuta da asibiti. A gefensu kuma unguwannin da ake kira Bukkoki suka tashi, inda masu neman aiki da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu suka zauna. A ƙidayar 2012, ƙaramar hukumar Arlit tana da mutum kusan 80,000. Gaskiya ne kamfanoni sun gina azuzuwa, sun ba da kayan karatu. Amma kyauta tana da iyaka: mai bayarwa shi ke zaɓen lokaci da wuri, kuma ranar da ya tashi ta ƙare. An ga haka ranar 31 ga Maris 2021, da COMINAK ya rufe bayan ya fitar da kimanin tan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, SONICHAR kuma ya rasa ɗaya daga manyan masu sayen wutarsa.

A cikin duwatsun Abzin da filayen makiyaya, matsalar wata iri ce. Makarantar makiyaya da tukunya take tsayuwa. Iyaye suna bin ciyawa, yaro yana zama wurin malam ne idan akwai abinci. Ranar da buhun gero ya ƙare, aji ya watse. Malamin kwantaragi da zai yi tafiyar kwanaki domin karɓar albashin da ya makara, shi ma ajinsa a rufe yake har ya komo.

Sakamakon ya fito a ƙasa baki ɗaya. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yara goma da suka kai ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba wanda ya iya karatu yadda ya kamata. A 2021 hukuma ta ƙiyasta azuzuwan zana sun kai wajen 36,000. A Afrilun wannan shekara gobara ta kashe yara kimanin 20 a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamba kuma wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Duk kuɗin aji da suka ɓace a hanya, ko suka makara, wani yaro ne yake biyansu a ƙarƙashin zana.

Abin da aka yi a Uganda

Akwai ƙasar da ta gamu da irin wannan cuta ta sami magani mai araha. A Uganda, bincike ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995, a cikin kuɗin tafiyar da makarantu da gwamnati take aikawa, kashi 13 cikin 100 kaɗai suke isa. Sauran suna tsayawa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu wata-wata, ta umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a bango. Da aka sake bincike a 2001, fiye da kashi 80 suna isa. Daraktan da ya karanta a jarida cewa an aiko kuɗi ya san ƙofar da zai buga, iyaye kuma sun san abin da za su tambayi darakta.

Yanzu da dukiya ta dawo gida

Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, al'amura sun sake. A Yuni 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano. Ranar 19 ga Yuni 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, kamfanin da a da Orano yake da fiye da kashi 63 na jarinsa. SONICHAR kuwa tun asali mafi yawan jarinsa na gwamnati ne. Wannan babban mataki ne, kuma yana tafe da babbar amana. Jiya idan aji ya rasa rufi, ana iya nuna baƙo da yatsa. Daga yau mai haƙa namu ne, mai karɓar haraji namu ne, mai rabawa namu ne. Idan kuɗi suka ɓace, a tsakaninmu suka ɓace.

A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Inda babu zaɓaɓɓen wakili da zai duba kasafin kuɗi, wajibi ne hukuma ta kawo lissafin gaban jama'a da kanta. Hanyar ba ta da wuya.

Na farko, duk lokacin da baitulmali ya saki rabon jahar Agadas, a buga adadin da ranar a jarida, a karanta a rediyo, kowace ƙaramar hukuma da nata. Idan akwai bashi, shi ma a faɗe shi.

Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta liƙa a ƙofarta abin da ta ware wa makarantu: aji nawa, a wane gari, a kan nawa, wane ɗan kwangila, zuwa yaushe.

Na uku, kowace makaranta ta sami allo a waje, a rubuta littattafai, tebura, buhunan abinci da kuɗin da aka karɓa. Tsarin da aka kafa a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a rubuta lissafin da Hausa da Tamajak, harsunan da iyayen yaran suke ji.

Na huɗu, a shekarar da kasuwar uraniyom ta yi kyau, a ajiye wani abu domin albashin malamai da tukunyar makaranta, saboda abin da ya faru a shekarun 1980 kada ya sake faruwa.

Kira ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci

Ƴan'uwa maza da mata da kuka sami takardar yaƙi da jahilci, a nan aikinku yake. Tun 2005 aka game ƙasa da kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, daga baya CGDES. Iyaye ne suke zaɓen wakilansu a ciki, kuma kwamitin yana da ikon sanin abin da ya shigo makaranta da abin da ya fita. Kwamitin da ma'ajinsa bai iya karatu ba, sa hannu kawai yake yi a kan abin da aka miƙo masa. Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya karanta rasit, ya iya ƙirga tebura, ya iya rubuta ranar da malam ya zo da ranar da bai zo ba. Ku shiga kwamitocin nan. Ku halarci taro. Ku yi tambaya da ladabi, ku rubuta amsar da aka ba ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma ma'aikatan hukuma, gwamna da kantoma, sufeton makarantu da darakta, kada ku ɗauki tambayar talaka a matsayin raini. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aikacin da ya baje lissafinsa a fili ya tsare mutuncinsa, ya kuma sami shaidu ranar da zai je neman haƙƙin garinsa a Yamai.

Rijiyar Akokan ta yi shekara 43 tana ba da uraniyom, sa'an nan aka rufe ta. Ta Arlit da ramin kwal na Anu Araren su ma suna da ranarsu. Yaran da aka koyar da kuɗinsu su ne za su riƙe Abzin bayan an kwashe injuna. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya ba jama'a ƙarfin halin bin haƙƙin ƴaƴansu.